Jar shirwar Ingila: ita ce mai sure mana 'yan tsaki, ko wata ce daban?

Baban_Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shekarata biyu ke nan a garin Reading, yamma da Landan. Tun zuwana nake ganin wasu tsuntsaye suna shawagi a saman unguwarmu, wata rana biyar, wata rana sun fi ashirin. Jikinsu ja ne irin jan ƙasar gini, kansu fari-fari, ƙarƙashin kowane fiffike akwai farin tabo, bindin kuma a rabe yake kamar almakashi a buɗe, suna ta murza shi dama da hagu ba tare da sun kaɗa fiffike ba. Jiya da la'asar na leƙa ta taga, sai na ga maƙwabciyata, wata dattijuwar Baturiya, ta fito da faranti ta zuba yankakken ɗanyen naman kaza a kan rufin ɗakin ajiyarta na bayan gida. Ko minti biyu ba a yi ba suka fara zubowa. Ba sa sauka. Sai dai ɗaya ta kifo daga sama, ta sura da ƙafa, ta yi gaba tana wani siririn fito.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Ni da na tashi a ƙauye wajen Gwarzo, kakata kan zaunar da ni gindin rumbu da kara a hannu ina gadin 'yan tsaki saboda shirwa. Yau ga wata tana sayen kaza da kuɗinta tana ba ta. Tambayata biyu ce. Wannan ita ce shirwarmu ta gida? Kuma me ya sa mutanen nan suke girmama ta haka?

Maman_Ilham: Wa alaikumus salam. Kaza sukutum ake ba shirwa? Ni makon jiya kazata ta ƙyanƙyashe goma sha ɗaya, yau saura bakwai, kuma uku a kan idona aka ɗauke su. Don Allah ka ce wa maƙwabciyar taka ta aiko a kwashe namu a ƙara mata.

Ɗan_Amurum: Baban Khalifa, abin da ka gani jar shirwa ce, masana na kiranta Milvus milvus. Ita da tamu 'yan ɗaki ɗaya ne amma ba ita ba ce. Na yi karatu a cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos, bari in ɗan warware abin.

A ƙasar Hausa shirwa iri biyu muke gani, sai dai ido bai cika raba su ba. Akwai mai rawayan baki, wadda ita 'yar Afirka ce, nan take ƙwai nan take ƙyanƙyasa. Akwai kuma mai baƙin baki wadda ke sheƙa a Turai, ta ƙetaro ta mashigin Jibraltar wajen watan Agusta, ta ratsa Sahara ta yi lokacin sanyin Turai a wajenmu. Dukansu launinsu ƙasa-ƙasa ne mai duhu, rabuwar bindinsu kuma kaɗan ce, in ta baza shi ma sai ka ga kamar an yanke shi a miƙe. Ita kuwa ja ta fi su girma, buɗin fukafukanta ya kusa mita biyu, amma nauyinta bai wuce kilo ɗaya da ɗan wani abu ba. Kusan duk duniyarta Turai ce. Ba ta ƙetaro Sahara, don haka ba ita ke cin kajin Maman Ilham ba.

Kuma duk girman nan nata, ƙafarta ba ta da ƙarfi. Yawancin abincinta mushe ne: zomon da mota ta take, mushen tunkiya, ɓeraye, har tsutsar ƙasa takan sauka ta tsinta a bayan garma. Tana ɗaukar ƙananan tsuntsaye in ta samu, ban ce ba ta ɗauka ba.

Bakatsine_04: Ni dai a wurina shirwa shirwa ce. Ja ko baƙa, in ta ga ɗan tsako ba za ta tambayi fasfo ba.

Baban_Khalifa: Ɗan Amurum na gode ƙwarai, ka amsa ta farko. Saura ta biyu. Don ba matar nan kaɗai ba ce. A wurin aikina akwai wanda hoton tsuntsuwar ne a fuskar wayarsa.

Malama_Oxford: Bari in ɗauki ta biyun, don na fi shekara goma sha biyar a yankin nan kuma ni ma na sha mamakin da ka sha. Labarin dogo ne, a yi mini haƙuri.

A zamanin da, shekaru ɗari biyar zuwa shida da suka wuce, jar shirwa cike take da titunan Landan. Lokacin babu masu kwashe shara, mahauta na zubar da kayan ciki a kan hanya, ita ke share gari, har doka ta hana kashe ta. Wato matsayin da ungulu ke da shi a kwatar garuruwanmu. Daga baya aka juya mata baya. A ƙarni na 16 aka yi dokokin kashe dabbobi da tsuntsayen da aka ce suna ɓarna, aka sa lada a kan duk wanda ya kawo kanta. Sai kuma zamanin attajirai masu dazukan farauta, waɗanda masu gadinsu ke harbe duk wani tsuntsu mai lanƙwasasshen baki don kada ya taɓa tsuntsayen da suke kiwo domin harbi. Da ta fara ƙaranci sai masu tara ƙwan tsuntsaye don ado suka shigo, domin abin da ya yi wuya shi ya fi tsada. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 babu ko ɗaya da ke sheƙa a Ingila da Sikotlan.

'Yan ƙalilan suka rage a cikin kwazazzabai na tsakiyar Wales. A 1903 wasu mutane suka haɗu suka fara gadin sheƙunan da suka rage, kuma gadin nan ya ɗauki shekaru kusan casa'in, manoma da 'yan sa-kai, wani lokaci har da sojoji suna kwana a daji saboda ɓarayin ƙwai. Duk da haka ba ta yaɗu da sauri ba, don ƙasar can ruwa da sanyi sun yi yawa, abinci kaɗan. Shi ne a 1989 aka fara ɗauko 'ya'yanta daga Suwidin, a 1990 daga Sipaniya, ana sakinsu a tsaunukan Chilterns da ke nan kusa da kai, da kuma arewacin Sikotlan. A 1992 suka fara ƙyanƙyasa. Yau ma'aurata dubbai ne a Birtaniya. Ka hau babbar hanyar M40 wajen Stokenchurch da rana ka ƙirga da kanka.

To maƙwabciyarka in dattijuwa ce, ta yi ƙuruciyarta da rabin girmanta ba ta taɓa ganin tsuntsuwar nan da ido ba sai a littafi. Abin da take ciyarwa ke nan.

Alhaji_Tudun_Wada: Malama Allah ya saka da alheri. Ashe su ma sai da suka ƙarar da ita sannan suka gane. Sojoji a gadin ƙwan shirwa! Ikon Allah.

Malama_Oxford: Alhaji akwai ma abin da ya fi wannan. Sipaniya da ta ba su iri, a kudu maso yammacinta tsuntsuwar ta ragu ƙwarai saboda guba. A 2022 sai aka fara kwasar 'ya'ya daga Ingila ana mayarwa yankin Extremadura. Wanda ya ba ka aron iri, yau kai ke auna masa.

Maman_Ilham: Duk na ji, kuma labarin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Amma ku dubi inda nake tsaye. Baturiyar nan kazarta a kanti take saya, a cikin leda, shirwa ba ta taɓa sa ta asara ba. Ni kajin nan su ne asusuna. Da su nake sayen littafin yara, da su nake fita kunyar biki. Ɗan tsako ɗaya da aka sure yau, kaza ce ta sallah aka ɗauke min. Kada a sa in ji kamar ni ce muguwa don na tsani abin da ke cin dukiyata.

Inna_Mai_Kaji: 'Yata Maman Ilham, babu mai cewa ke muguwa ce. Shekarata talatin ina kiwo, bari in gaya miki abin da ya rage min asara. Mako huɗu na farko su ne masifar. Kada ki saki kaza da 'ya'yanta a fili. Ki samu babban kwando mai faɗin ido ki kife su a inuwa, ki sa musu tsaki da ruwa a ciki, ki riƙa matsar da shi. In za ki sake su, sai da yamma kina tsaye. Kuma tsakar gida fayau babu abin fakewa ita shirwa ke so. Ni na jingina karan dawa a jikin katanga, na bar ƙarƙashin rumbu a buɗe. Ki lura, uwar na ganin inuwa ta gifta za ta yi wani ƙara daban, ba irin na kiran abinci ba, su kuma su watse su lafe. In akwai wurin shiga taki ɗaya ko biyu, sun tsira. In babu, sai dai ki ji "tsiyau" a sama.

Wasu kuma na shafa musu galura, ja ko shuɗi. Na gwada, kamar ya yi aiki da farko, daga baya ta saba.

Bakatsine_04: Inna ai hanya mafi sauƙi a sa wa mushen ɗan tsako magani a ajiye mata. Wani a unguwarmu ya yi, kwana biyu aka huta.

Likitan_Dabbobi_Gusau: Ɗan'uwa don girman Allah kada ka yi, kuma kada ka koya wa kowa. Ina faɗa ne a kan abin da na gani da idona. An taɓa kirana wani ƙauye, wani ya sa maganin ƙwarin gona a mushen akuya saboda karnukan da ke damunsa. Da na isa, karnuka biyu ne suka mutu, amma ungulu tara ne a zube kewaye da mushen, da shirwa, da hankaki. Kajin maƙwabta da suka tsattsage wurin su ma suka bi. Abin da ya fi tayar min da hankali, yara sun riga ni isa wurin suna wasa da gawar tsuntsayen. Guba ba ta san wanda aka nufa ba.

Kuma a Turai ɗin ma har gobe guba na cikin manyan abubuwan da ke kashe jar shirwa, saboda ita mai cin mushe ce. Ko shinkafar ɓera: ɓera ya ci, ya fita yana layi, shirwa ko mujiya ta ɗauke shi, maganin ya taru a hantarta, jini ya ƙi daskarewa. Mai maganin ɓera ya kashe mai cin ɓera.

Bakatsine_04: Likita na ji, na janye. Amma ai akwai hadisin da ya ce a kashe ta.

Malam_Na_Zaure: Hadisin gaskiya ne, yana cikin Bukhari da Muslim daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. An ambaci abubuwa biyar masu cutarwa da aka halatta kashewa ko da a cikin Harami: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. Larabci na kiranta hid'a. Malamai sun bayyana cewa dalilin shi ne cutarwarsu, ita shirwa saboda fizgen da take yi. To wanda take wa ɓarna ya kare dukiyarsa, babu laifi a kansa. Amma wannan daban, watsa guba a bayan gari da za ta kashe abin da bai ci maka komai ba daban. Babu cuta babu cutarwa, wannan ma hadisi ne.

Tunda an zo nan, akwai wata ƙissa a Bukhari da nake so. Wata baiwa ce a wani gidan Larabawa. Yarinyar gidan ta ajiye wani jan ɗamara na fata, shirwa ta zo wucewa ta zaci nama ne ta sure. Aka nema aka rasa, aka ce baiwar ce ta sata, aka caje ta caje na wulaƙanci. Suna cikin haka sai ga shirwar ta dawo ta saki abin a tsakiyarsu. Matar ta bar su ta tafi Madina ta musulunta, har aka yi mata 'yar rumfa a cikin masallaci, kuma duk sanda ta zauna da Nana A'isha sai ta tuna ranar. Duk sanda na ga shirwa sai ƙissar ta faɗo min.

Ɗan_Amurum: Allah ya gafarta Malam, wannan ƙissa ta dace da halinta sarai. Dangin nan duka suna da son kwasar tarkace. In ka leƙa sheƙar jar shirwa za ka tarar da tsumma, leda, safa, ulun tumaki, har 'yar tsanar yara. Turawan da sun san ta da satar ƙananan kaya daga igiyar shanya lokacin da take gini. Tamu ma haka take, na taɓa ganin sheƙa a kan giginya da guntun atamfa yana reto.

Zango_Kumasi: Gaisuwa daga Kumasi. Ina da abin da ban gane ba. Mu a nan da rani muke ganin shirwa, tun wajen Oktoba, ta cika saman kasuwa da mayanka. Da ruwa ya kankama sai ta ɓace. Ina take zuwa?

Ɗan_Damagaram: Wajenmu take zuwa, ɗan'uwa! Mu a Damagaram da damina ne take yawa. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, shinge ya fito daga suri, ka ga sama ta yi baƙi da su, suna kama shi da ƙafa suna kaiwa baki a cikin iska ba tare da sun sauka ba. Haka in fara ta yi yawa. Mu manoma a lokacin ba ma jin haushinta ko kaɗan.

Ɗan_Amurum: Kun ba juna amsa. Mai rawayan baki tana bin ruwa ne: ta yi ƙwai da rani a kudu, damina ta ja ta arewa inda ƙwari ke fashewa, in ƙasa ta bushe ta komo. Mutumin Kumasi da na Damagaram na iya kallon tsuntsuwa guda a wata daban-daban.

Mafarauci_Birnin_Gwari: Ku ƙara da wutar daji. Duk inda aka cinna wa ciyawa wuta da kaka, kafin hayaƙi ya miƙe sun iso, ban san daga ina suke hangowa ba. Suna bin bakin wutar suna cafke fara da ƙadangaru da ɓerayen da ke gudu. Har cikin hayaƙin suke kutsawa.

Injiniya_Perth: A arewacin Ostareliya ma haka baƙar shirwa ke yi, kuma 'yan asalin ƙasar sun daɗe suna cewa takan ɗauki itace mai wuta ta jefa a inda bai kama ba don abinci ya fito. A 2017 wasu masu bincike sun tattara shaidar mutanen da suka ce sun gani, har da 'yan kwana-kwana. Masana dai ba su gama yarda da gangan take yi ba.

Mafarauci_Birnin_Gwari: Wannan kam ban taɓa gani ba, kuma na daɗe a daji. Ba zan ƙaryata mutanen wata ƙasa a kan dajinsu ba.

Hauwa_Ɗaliba: Don Allah a taimaka min da sunayen, kaina ya ɗaure. Shirwa, shaho, gaggafa, mikiya. Ni duk ɗaya nake ɗaukarsu.

Alhaji_Tudun_Wada: 'Yata, shirwa ita ce mai yawo a saman gari tana lilo, ba ta gaggawa, ba ta tsoron mutane, har nama takan fizge a kan tiren mai talla. Shaho ƙarami ne a kanta amma ya fi ta zafin nama nesa ba kusa ba. Shi ba ya shawagi a banza, ɓoyewa yake a bishiya ko ya taho kamar kibiya, kuma tsuntsu mai rai yake so, tattabara ko kurciya. Masu tattabaru shi suke kuka da shi. Gaggafa babba ce, ta daji. Mikiya kuma ita ce sarauniyarsu, mai hangen nesa, ita ce a kan tambarin Najeriya.

Ɗan_Amurum: Alhaji ranka ya daɗe, a kan shirwa da shaho babu abin da zan ƙara. A kan mikiya ne nake da 'yar magana. A tsofaffin ƙamus na Hausa, mikiya sunan wata ƙatuwar ungulun daji ce mai dogon wuya, mai zane-zane a fiffike kamar ɓawon kifi, wadda ke sheƙa a jikin duwatsu. Gaggafa kuma ita ce mai gajeren bindi da jar fuska, da ke tafiya a sama tana karkata kamar mai tafiya a kan igiya. Yanzu dai baki ya saba da kiran ta kan tambari mikiya, ba zan yi jayayya da hakan ba. Amma ita waccan ta asalin ta cancanci kirarin: a 1973 ɗaya ta yi karo da jirgin sama a saman Abidjan a tsayin mita dubu goma sha ɗaya da ɗari uku.

Alhaji_Tudun_Wada: Mikiya ungulu? Yaro, wannan kam sai na tambayi manya. Mu ba haka muka taso muka ji ba.

Gwaggo_Sakkwato: Ku da kuke ta batun ungulu, ni tambaya zan yi. Yaushe rabon da wani a cikinku ya ga ungulu a kwata? Lokacin da nake yarinya, in aka aike ni sayen nama sai na kore su da ƙafa kafin in wuce. Rufin mayanka baƙi ƙirin da su, kan kukar bayan gidanmu nan suke kwana. Jikokina yanzu ba su san ta ba, sai a karin magana. Na ce wa ɗaya "ungulu ba ta jewar banza", ya ce mene ne ungulu.

Likitan_Dabbobi_Gusau: Gwaggo kin taɓo inda ke min ciwo. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun gari cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Guba na ciki, sare manyan bishiyoyin da take kwana na ciki, amma a yankinmu babban abin shi ne cinikin kanta da sassanta don tsibbu da magani. Kowa ya san rumfunan da ake sayarwa a kasuwanninmu. A Gini Bisau a 2020 an kashe fiye da dubu biyu da guba, da yawa an tarar an cire kawunansu. Kuma ba ungulu kaɗai ba. Wani bincike da ya fito a farkon 2024 ya duba iri 42 na tsuntsaye masu farauta a Afirka, ya samu kusan kashi 90 cikin ɗari nasu sun ragu, kuma Afirka ta Yamma ce abin ya fi muni.

Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. Maganin ciwon jiki na diclofenac da ake yi wa shanu ya kashe musu ungulaye miliyoyi, sai a 2006 aka hana amfani da shi ga dabbobi. Da mushe ya rasa mai ci, karnukan sake suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Labarin da Malama ta bayar na Landan, mu yanzu muna tsakiyarsa ne, wajen da ake ƙararwa.

Ɗalibi_a_Delhi: Tunda an ambaci Indiya. Baban Khalifa, ba Turawa kaɗai ke ciyar da shirwa ba. A tsohon birnin Delhi, wajen babban masallacin Juma'a, Musulmi ne ke sayen guntayen nama su hau soro suna wurgawa sama, baƙar shirwa ɗari-ɗari tana cafkewa. Sadaka suka ɗauke shi. Ranar farko da na gani na tsaya baki buɗe kamar yadda ka tsaya a tagarka. A juji na Ghazipur kuwa dubbai ne.

Maman_Ilham: To su ma ba su da 'yan tsaki a tsakar gida ke nan.

Ɗan_Jamus: Jamus ce ta fi kowace ƙasa yawan jar shirwa mai sheƙa, kuma a nan ba a ciyar da ita, ana dai rigima a kanta. Duk inda za a kafa manyan fankokin nan na samar da lantarki da iska, sai an duba ko akwai sheƙarta kusa, domin idonta na ƙasa tana neman abinci, ba ta lura da abin da ke juyawa a gabanta. An sha dakatar da aiki saboda ita. Tamu kuma ba ta zama wuri ɗaya kamar ta Ingila, da sanyi yawancinsu Faransa da Sipaniya suke tafiya.

Malama_Oxford: Gaskiya ko a nan ba kowa ke son ciyarwar ba. Hukumar da ke kula da Chilterns ta daɗe tana roƙon mutane su daina, don abinci a daji ya ishe su, kuma sun fara sabawa da hannun mutum. A garuruwa irin su Henley da Marlow an sha kai ƙarar sun fizge abinci a hannun mutane a wurin shaƙatawa, har da yara. Maƙwabta kuma na ƙorafin guntun nama na faɗowa a kan shanyarsu, ɓeraye na samun rabo. A Wales akwai gonar Gigrin kusa da Rhayader inda ake zuba musu nama kullum a kan ƙa'ida, ɗaruruwa ke zuwa, mutane na biyan kuɗi su kalla. Wannan daban da kowa ya riƙa yi a bayan gidansa.

Bakatsine_04: Ai na faɗa tun farko. Hali zanen dutse.

Inna_Mai_Kaji: Ɗana, ba halinta ne ya canza ba, mutane ne suka koya mata hannu na nufin abinci. Ko akuya ka saba mata da haka sai ta bi ka har ɗaki.

Baban_Khalifa: Jama'a na gode, ban zaci zancen zai kai nan ba. Yau da safe na haɗu da dattijuwar wajen kwandon shara, na yi ƙarfin hali na tambaye ta. Ta ce mahaifinta ya taɓa tuƙa su tun daga nan har Wales tana yarinya don kawai su ga tsuntsuwar, suka kwana biyu a cikin ruwan sama ba su ga ko ɗaya ba. Ya rasu kafin a dawo da su. Ta ce ranar da ta fara ganin ɗaya a saman gidan nan tana shanya ne, ta zauna a kan matakala ta yi kuka. Na ba ta labarin kakata da karan da take ba ni, da kwandon Inna. Ta yi shiru, sannan ta ce ita ba ta taɓa tunanin akwai wanda tsuntsuwar nan ko 'yar'uwarta ke sa shi asara ba. Ban ce mata ta daina ba, ban ga hurumina ba ne.

Gwaggo_Sakkwato: Allah sarki. Ni har yanzu ba wanda ya amsa min. Wa ya ga ungulu a bana, kuma a ina?

Ɗan_Damagaram: Gwaggo na ga uku a bayan mayankar wani ƙauye kan hanyar Tanut, watan jiya. Uku kacal.

Maman_Ilham: Inna Mai Kaji, na samo kwandon, na aro na maƙwabciya kafin ranar kasuwa. Tun jiya suna ciki, bakwai ɗin suna nan. Ta zo sau biyu da hantsi ta yi ta kewaya gidan, har inuwarta na bi ta kan kwandon, uwar na ta ƙara daga ciki. Sai dai ƙasan wurin ya fara jiƙewa da ruwan shansu. Sau nawa kike matsar da naki a rana?